Tawali'u da Ƙarfin Halin Faɗin Gaskiya a Waƙoƙin Alhaji Umaru Salaga

1.0 Gabatarwa

Ɗalibai da dama idan aka ba su waƙar wa'azi su fito da jigonta, sukan tsaya ga jero kyawawan halayen da mawaƙi ya ambata, kamar haƙuri da gaskiya da riƙon amana, sai su ɗauka nazari ya kammala. Irin wannan jeri ba ya nuna yadda mawaƙin ya fahimci halin, ba ya kuma nuna abin da faɗinsa ya jawo masa. Wannan takarda za ta dubi halaye biyu, wato tawali'u da ƙarfin halin faɗin gaskiya, a wasu waƙoƙin Alhaji Umaru Salaga (1858-1934), malamin da aka haifa a Kano amma ya yi mafi yawan rubuce-rubucensa a ƙasar da a yau ake kira Ghana. A bisa zahiri halayen biyu kamar kishiyoyi suke, domin ɗaya yana sa mutum ya sunkuyar da kai, ɗayan yana sa ya ɗaga murya. Abin da takardar za ta nuna shi ne, a waƙoƙin Umaru ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya, kuma ma'aunin da ya dace a auna su da shi shi ne wanda aka faɗa wa gaskiyar, da abin da mai faɗin zai iya rasawa.

2.0 Ma'anar Tawali'u da Ƙarfin Hali

Kalmar tawali'u ararriya ce daga Larabci. Harafin lodi na Larabci yakan koma "l" a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a kalmomin alƙali da alwala da larura da farilla. Asalin ma'anar kalmar shi ne mutum ya sauke kansa ƙasa da matsayin da yake da ikon hawa. Wannan ya bambanta ta da ƙasƙanci, wanda wani ne ke ɗora wa mutum ba da son ransa ba. Bahaushe ya riga ya yi wannan rarrabewa a karin maganar da ke cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mai durƙuson yana da tsawon da zai miƙe, ya ga dama ne ya rage.

Kirk-Greene (1974) ya kawo halaye goma da Hausawa ke auna mutumin kirki da su, wato gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Abin lura shi ne babu tawali'u a jerin da sunansa, haka kuma babu ƙarfin hali. Ladabi da kunya sun yi kusa da tawali'u, sai dai su biyun sun fi shafar yadda ƙarami zai yi a gaban babba. Shi kuwa tawali'u ya fi nauyi a kan babba. Ana ma iya cewa kunya da ladabi, idan suka yi yawa, su ne ke ɗaure bakin mutum ya kasa gaya wa na sama da shi gaskiya.

Halayen biyu gado ne da Hausawa Musulmi da Hausawa Kirista suka yi tarayya a kansa, har ma da kalmar da suke kiransa da ita. Alƙur'ani ya hana tafiyar taƙama a bayan ƙasa cikin wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa, hadisi kuma ya sanya faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba cikin mafificin jihadi. A ɗaya ɓangaren, Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, da kalmar tawali'u ya fassara halin da Yesu Almasihu ya yaba a huɗubarsa ta kan dutse. Kirista kan kafa hujja da yadda ya wanke ƙafafun almajiransa, da kuma yadda Yahaya Mai Baftisma ya tsawata wa sarki Hirudus a kan auren matar ɗan'uwansa, abin da ya jawo masa kurkuku da kisa. Saboda haka ɗalibi Musulmi da ɗalibi Kirista duk suna da ma'aunin da za su shiga waƙoƙin Umaru da shi.

3.0 Mawaƙin da Garinsa

An haifi Umaru ɗan Abubakar a Kano a 1858, asalin gidansu kuwa Kabawa ne. Ya yi karatu a Kano da ƙasar Sakkwato, ya kuma bi hanyar fatauci zuwa yamma har ya zauna a Salaga wajen 1892. Salaga ita ce babbar kasuwar Gwanja, inda fataken Hausa ke sauke kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su ɗauki goron da ke fitowa daga dazuzzukan Asante. Ita ce kuma ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na yankin. Ayari daga ƙasar Hausa yakan bi ta Yendi, hedikwatar Dagwamba, kafin ya isa can, wasu kuma su gangaro daga arewa ta ƙasar Mosi da yankin Bawku.

Umaru ya tarar da garin ya fara ja da baya. Tun da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan gabashin Gwanja ya warware, cinikin goro ya fara karkata zuwa wasu garuruwa irin su Kintampo. A 1892 rikicin gadon sarautar Kpembe, garin sarakunan da ke mulkin Salaga, ya rikiɗe ya zama yaƙin basasa. Kabachewura Isifa ya nemo taimakon Dagwamba da Nanumba ya kori Kpembewura Napo, aka wawashe Salaga, mazauna zango suka watse. Umaru yana cikin waɗanda daga baya suka koma Kete-Krachi, inda ya zama limami a ƙarƙashin mulkin Jamusawa. Ya tafi aikin hajji a 1913, ya dawo ya ci gaba da karantarwa har rasuwarsa a 1934. Ya yi hulɗar ilimi da Jamusawa biyu, Krause a Salaga da Mischlich a Kete-Krachi. Ya yi rubutu da Larabci da kuma Hausar ajami, a waƙe da a zube.

4.0 Nazarin Waƙoƙin

Kafin shiga waƙoƙin akwai gargaɗi guda. Al'adar rubutacciyar waƙa ce mawaƙi ya buɗe da yabon Allah da salati, ya rufe da kiran kansa ƙaramin almajiri mai neman gafara da neman a gyara masa kuskure. Wannan yana cikin zubi da tsarin waƙa, kusan kowane malami yana yin sa, har da masu girman kai. Don haka ba zai zama hujjar tawali'un mawaƙi ba. Hujja tana cikin gundarin waƙa, wato wa mawaƙin ya duba, wa ya zarga, kuma a ina ya ajiye kansa da jama'arsa.

4.1 Waƙar Talauci da Wadata

Wannan ita ce waƙar Hausa mafi shahara ta Umaru, har masanin tarihi Iliffe (1987) ya kafa hujja da ita a littafinsa kan matalautan Afirka. An gina ta a kan gwama abu da kishiyarsa. Mawaƙin ya ajiye matalauci a gefe guda da mawadaci a ɗaya gefen, sannan ya bi su cikin harkokin yau da kullum yana nuna yadda jama'a ke karɓar kowannensu. Matalauci ba a sauraron maganarsa a taro, dangi na gudunsa, ana raina shi ko da bai yi laifi ba. Mawadaci kuwa ana girmama shi, ana rufe aibinsa. Wannan jigo tsoho ne a adabin Larabci da malaman zaure suka sani, domin a cikin Kalila wa Dimna akwai bayanin yadda halin da ake yabo ga mai dukiya yake komawa abin zargi ga maras ita. Gudummawar Umaru ita ce sauko da jigon cikin zango, da harshen da ɗan dako da mai tallar goro za su ji su gane kansu.

Muhimmancin waƙar ga wannan nazari shi ne ta raba tawali'u da ƙasƙanci. Shirun matalauci a gaban jama'a ba zaɓinsa ba ne, an rufe masa baki ne, saboda haka ba za a kira shi tawali'u ba. Waƙar ba ta yi wa talauci kwalliya ba, ba ta nuna shi a matsayin darajar da za a yi alfahari da ita ba. Wanda take tuhuma shi ne mai kallo, wato jama'ar da ke auna gaskiyar magana da aljihun mai yin ta. Idan aka tuna cewa malamin zango da sadakar fatake da kyautar attajirai yake rayuwa, za a ga cewa mawaƙin ya taɓa hannun da ke ba shi. A nan ne halayen biyu suka haɗu. Sai da malamin ya sauko ya dubi duniya daga inda matalauci ke tsugune, sannan ya ga abin da zai gaya wa mawadata.

4.2 Waƙar Rushewar Salaga

A waƙarsa ta Larabci mai suna Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan, wadda Martin ya fassara a littafin Braimah da Goody (1967) kan rikicin Salaga, Umaru ya waiwayi abin da ya ci garin. Hanya mafi sauƙi ga baƙon malami ita ce ya ɗora laifin duka a kan 'ya'yan sarautar Gwanja da mayaƙan da suka gayyato, ya fito da 'yan zango a matsayin bayin Allah da aka zalunta. Umaru bai bi wannan hanya ba. Ya ambaci zaluncin masu mulki, amma ya haɗa da lalacewar halayen mazauna garin, da son dukiya, da sakaci da addini. Ke nan a wurinsa yaƙin 1892 sakamako ne na ɓarnar da ta riga ta yi nisa a cikin gari.

Manazarci na iya sukar wannan matsayi da cewa ya mayar da rikicin siyasa da tattalin arziki ya zama wa'azi, bai ba karkatar hanyar goro bayan 1874 nauyin da ya kamace ta ba. Sukar tana da ƙarfi idan tarihi ake nema a waƙar. Amma ta fuskar jigo, abin da ya fi muhimmanci shi ne masu sauraron waƙar su ne waɗanda ake zargi a cikinta. Mutanen da suka gudo daga Salaga su ne ke bin sa salla a Kete-Krachi, 'ya'yansu ne almajiransa. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Waƙar ta juyo da idon jama'arta kan tudun da suke tsaye a kai.

4.3 Waƙoƙin Zuwan Nasara

A nan ne nazarin ya fi wuya. Kalmar Nasara a bakin Umaru tana nufin Turawan mulkin mallaka da rundunoninsu. Ba koyarwar addinin Kirista yake tattaunawa ba. A waƙoƙinsa biyu na Larabci na 1899 da 1900, wato Mashra'u Ma'il Khabar da Nazmul La'ali, ya zana zuwan Turawa a matsayin musiba. Ya nuna sun shigo da lallami da zancen ciniki da zaman lafiya, da suka samu gindin zama sai suka juya. Ya kuma yi amfani da dabarar jero sunayen garuruwa da ƙasashen da suka faɗa hannunsu ɗaya bayan ɗaya, har mai sauraro ya ji babu sauran wurin gudu. Ya rubuta wannan yana zaune a ƙarƙashin tutar Jamus, shekaru kaɗan bayan Jamusawa sun karya rundunar Dagwamba a Adibo suka shiga Yendi a 1896, kuma a daidai lokacin da yarjejeniyar 1899 ta ba Ingila Salaga ta bar wa Jamus Yendi da Kete-Krachi. Abin da yake zargin Nasara da shi, wato yaudara da danniya da ƙasƙantar da mutane, shi ne akasin tawali'un da littafinsu ya koyar.

Sai dai a waƙoƙinsa na Hausa da suka biyo baya kan wannan batu, irin su Waƙar Nasara wadda Piłaszewicz (1975) ya yi nazari, muryar ta yi sanyi. Har yanzu akwai jeren sarakunan da aka karya, amma an samu amincewa da cewa ƙarfin Turawa ba abin ja ba ne, har da ambaton kwanciyar hankalin da mulkinsu ya kawo. Ana iya karanta wannan sauyi ta fuska biyu. Ta farko ita ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wato limamin da ke aiki da jami'in Jamus ba zai ci gaba da zafin da ya fara da shi ba. Ta biyu ita ce mutumin da ya ga yadda aka wawashe Salaga, ya kuma san fargabar 'yan fashi a hanyar ayari, yana da dalilin faɗin alherin tsaro ko daga hannun wa ya zo, kuma faɗin alherin abokin gaba a gaban jama'ar da ke ƙinsa shi ma yana buƙatar ƙarfin hali. Wannan takarda ta fi karkata ga cewa duka biyun suna nan, kuma bai kamata ɗalibi ya goge ɗaya don ya samu gwarzo maras tabo ko maci amana maras uzuri ba. Abin da ba a musu a kai shi ne zafin ya fi yawa a waƙoƙin Larabci, waɗanda malamai kaɗai ke iya karantawa, sassaucin kuma ya fi fitowa a na Hausa, harshen da Mischlich ya iya har ya wallafa ƙamusunsa a 1906. Zaɓin harshe a nan wani ɓangare ne na ma'anar waƙa.

4.4 Waƙar Malam Musa

Wajen 1904 zuwa 1905 wani mai wa'azi da ake kira Musa ya bayyana a yankin Salaga da kiran da ke da alaƙa da Mahadiyanci, jama'a kuma suka yi ta bin sa. Goody (1970) ya yi nazarin wannan yunƙuri. Umaru ya yi waƙa da Larabci yana ƙaryata shi. Tsayawa gaban taron da zumuɗin addini ya ɗauka ya fi tsayawa gaban sarki wuya a wasu lokuta, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma wanda ya ja da irin wannan taro da sunan maƙiyin addini ake jifansa. Duk da haka adalcin nazari ya wajabta a faɗi cewa wannan matsayi na Umaru ya yi daidai da buƙatar Turawa, waɗanda ke tsoron duk wani motsi mai sunan Mahadi. Ƙarfin halin da ke cikin waƙar na fuskantar jama'a ne, ba na fuskantar hukuma ba.

5.0 Iyakar Waƙoƙin

A 1877 wani fasto ɗan ƙabilar Akan mai suna Theophilus Opoku, na Mishan ɗin Basel, ya yi tattaki daga kudu zuwa Salaga, ya rubuta abin da ya gani da harshen Twi, ciki har da halin ƙunci da bayi ke ciki a kasuwar garin. Idan aka ajiye rubutunsa kusa da na Umaru za a ga iyakar kowannensu. A rubuce-rubucen zube da Umaru ya yi wa Mischlich, waɗanda Ferguson (1973) ya fassara, bauta ta zo a matsayin ɓangare na tsarin rayuwar ƙasar Hausa, kamar yadda noma da rini da fatauci suka zo. Idon da ya ga wulaƙancin matalauci sarai bai tsaya a kan bawa da irin wannan zafi ba. Opoku ya ga abin da sabo ya rufe wa ɗan gari. Amma shi baƙo ne mai wucewa, masu karatunsa suna nesa, kuma babu abin da zai rasa a Salaga. Umaru kuwa da waɗanda yake suka yake kwana yake tashi. Darasin da ke nan ga mai nazari shi ne kowane marubuci yana da gaskiyar da ta yi masa arha da wadda ta yi masa tsada, kuma da mai tsadar ake auna shi.

6.0 Waƙoƙin a Idon Mai Karatu na Yau

Matsalar da ta rusa Salaga ba ta ƙare da ƙarni na 19 ba. A Yendi rikicin gidajen sarauta biyu, Abudu da Andani, ya kai ga kisan Ya Na Yakubu Andani II a watan Maris na 2002, ba a kuma naɗa sabon Ya Na ba sai a 2019. A Bawku jayayyar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ta sha tashi tun daga ƙarshen shekarun 1950, ta ci rayuka ta kuma durƙusar da kasuwa. A waɗannan garuruwa Musulmi da Kirista suna zaune tare. Mishan ɗin Basel ya buɗe tasha a Yendi a 1913, 'yan Assemblies of God suka zo a 1931, Hausa kuma tana cikin harsunan da ƙabilu mabambanta ke haɗuwa a kansu a zango da kasuwa, musamman a Bawku. A irin wannan yanayi kowane ɓangare yana da masu zaƙin baki da ke iya lissafa laifin ɗaya ɓangaren. Wanda ake rasawa shi ne liman ko fasto ko dattijon da zai tsaya a cikin nasa mutanen ya lissafa nasu, alhali ya san gobe da su zai yi jana'iza da suna. Abin da Tanbihul Ikhwan ta yi ke nan, shi ya sa ta wuce zama kundin tarihi kawai.

7.0 Kammalawa

Takardar ta bi halaye biyu a cikin rukunin waƙoƙi huɗu na Alhaji Umaru Salaga. An ga cewa tawali'u a wurinsa ya bambanta da ƙasƙancin da talauci ke jawowa, kuma ba a kalmomin buɗewa da rufewa ake samunsa ba, sai a wurin da mawaƙin ya zaɓa ya tsaya ya dubi al'umma. An kuma ga cewa ƙarfin halinsa ya fi bayyana a inda ya fuskanci attajiran da ke ciyar da shi da jama'ar da ke bin sa salla, ya yi rauni a inda ya fuskanci hukumar da yake zaune a ƙarƙashinta, bai kuma kai ga batun bauta ba. Ana son ɗalibi ya gwada wannan ma'auni a kan wasu mawaƙan, kamar Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu. A kowace waƙa ya fara da gano wanda ake gaya wa gaskiyar, da harshen da aka zaɓa don gaya masa, da kuma abin da mawaƙin ya sa a kasada lokacin da ya faɗe ta.